Baba ba ya cin abinci sai ya ji takun Inna

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a sakaya sunana. Don Allah shawara nake nema, masu cewa "ki yi haƙuri" su wuce, na gode, wannan na riga na yi shi.

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Bafarawa. Ina budurwa aka yi fari, ruwan rijiyarmu ya yi ƙasa har hannu ya kasa jawo guga, sai da jaki. Baba ya sayar da jakin ya sayo gero, ni da Inna muka maye gurbinsa. Igiya a kafaɗar dama, ki duƙa ki yi ta tafiya har guga ya fito, ki dawo ki sake. Kullum dama, kamar yadda na ga Inna tana yi, ko sau ɗaya ban yi tunanin sauya kafaɗa ba. Rani biyu muna haka. Inna ba ta ƙara miƙewa daidai ba har ta rasu, kafaɗa ɗaya a ƙasa, ƙafar hagu tana sharar ƙasa. Ni ma tafiyar da na gada ke nan.

Bana ma damina ta ƙi zama, wahalar ruwa ta dawo, ciwon ƙugu ya kwantar da ni. Yayana ya kai ni asibiti a Sakkwato, sashen gashin ƙashi. Likitar ta ce ƙashina lafiya lau, naman gefe ɗaya ne ya ɗaure ya yi tauri, ɗaya gefen ya yi sanyi. Ta koya mini motsa jiki, in kwanta a tabarma ina ɗaga ƙugu, in jingina da bango in daidaita kafaɗu, in ja roba da hannun hagu, in koyi sauke diddige kafin yatsu kamar mai tatata. Ta ce idan na yi wasa, yadda Inna ta ƙare haka za ni ƙare. Wata uku ina yi, ciwon ya lafa, har maƙwabta suna tsokanata wai na koma amarya.

To ga inda gizo ke saƙar. Tun da aurena ya mutu ni ke kula da Baba, ya makance, hankalinsa ma yana zuwa yana tafiya. Da zarar ya ji takuna sai ya ce, "Hajo, ke ta?" Sunan Inna ke nan. Da ina gyara masa, daga baya na daina, don na lura a hannunta kaɗai yake karɓar abinci.

Makon jiya na shigo da fura, tafiyata ta miƙe, sai ya kawar da kai ya ce, "Wa na? Ba ni sha, Hajo nika jira." Na rantse masa ni ce 'yarsa, ko a jikinsa. Har la'asar bai sa komai a baki ba. Na fita waje, na sauke kafaɗa, na shigo ina jan ƙafa. Ya yi murmushi ya ce, "Ina kinka tsaya haka?" Yana sha na dubi inuwata a bango, wallahi Inna na gani ta taho daga rijiya.

Kullum sau uku nake zama Inna, ciwon kuma ya fara dawowa. Likitar ta ce kwaikwayon yana warware aikin. Yayana ya yi ta faɗa wai yaudarar tsoho nake, yunwa za ta sa ya ci, shi da ba ya zuwa sai ranar kasuwa, bai taɓa riƙe masa kwano ba.

Ina tsoron in ƙare a karkace, ina kuma tsoron ranar da Baba zai kasa kunne bai ji ta ba. Jama'a, in miƙe in sake kashe masa Inna, ko in ci gaba da jan ƙafar har ya cika? Me za ni yi?