Ina ciyar da ɗana a ɓoye kamar ɓarawo

Assalamu alaikum jama'a. Admin ka sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni ban yi karatun lakwal mai nisa ba, yadda abin yake haka zan faɗe shi.

Ni dillalin bisashe ne a kasuwar Dakoro. Ina da ɗa saurayi, tun yana goye yake tari, majina mai kauri, zufarshi gishiri, ya ci ya ci ba ya ƙiba. A Yamai suka ce ciwon gado ne, mukobisidoz ko mi suka kira shi. Bana kuma aka ce sukari ya shigo ciki.

Gidan yayana Alhaji muke zaune, shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, shi ya yi mini aure. Shi ma yana da sukari shekara da shekaru, don haka ya ce ba wanda zai koya mishi wanga ciwo. Ya hana yaron hura, ya hana shi nono da mai, sai tafasasshen ganye mai ɗaci. Allurar insulin kuwa ya ce wanda ya fara ta ya gama yawo.

Da muka je asibitin Maradi lokotoro ya ɗora yaron bisa sikeli, ya dube ni ya ce wa ke kashe shi da yunwa? Ya ce sukarinshi ba irin na tsofaffi ba ne, shi ci ake so ya yi sosai, da mai da gishiri, a bi da allura, in ya rame huhun ne zai tafi. Na ce to. Na dawo gida, Alhaji ya ce likitocin yanzu yara ne, nan ma na ce to.

Yanzu a garken awaki nake kai mishi hura da nama cikin buhun dusa, can yake yin allurar, maganin yana cikin firigon wani mai shago. Ni da furfurata. Rannan yana ci yana waige, ya ce Baba, in Baffa ya shigo ka ce ni ne na sato. Wallahi ban iya duban shi ba. Uwarshi ta daina yi mini magana, ta ce a kasuwa ina da baki, a gida ba ni da shi.

To ga inda ake. Alhaji ya ce ranar kasuwa mai zuwa zai tafi da yaron can rugarshi wajen Birnin Lalle, ya yi wata guda yana shan sassaƙe har sukarin ya bushe. Can babu firigo, babu mai kai mishi abinci. Gaban mutane ya faɗa, kuma na ce Allah Ya kai mu.

Ban taɓa ce ma Alhaji a'a ba tunda nake. Da wace kalma ake farawa? In same shi shi kaɗai, ko in ɗauki liman mu je tare? Zagina ba sai kun yi ba, na yi ma kaina. Yaron ya riga ya fara haɗa kayanshi, don ya san ubanshi.