Baba a cikin bututun gilashi

Yaya,

Na fita kina barci, yi haƙuri.

Jiya aka fara sa Baba a injin oksijin na asibiti, saboda gyambon ƙafarsa na ciwon suga. Likita ya ce in bai rufe ba, sai a yanke ƙafar.

Wani dogon bututun gilashi ne. Suka sa masa farar riga, ya miƙe a ciki, suka kulle. Wallahi sai na ga kamar marigayiya Inna ce, ranar da aka yi mata sutura. Bakinsa na motsi, amma ba na jin komai.

Yau ke za ki kai shi. Ki zauna inda zai riƙa ganin fuskarki. Ni jiya waje na gudu, kuma ya gan ni.

Ƙaninki