Bitirut a Filin Ɗakin Doniyor

Lahadi, 2 ga Afrilu
Babban ɗana Ulmas ya wuni yana aune-aune a bayan gida. Wai nan za a gina wa ƙanensa Doniyor ɗaki, tunda kafin sanyi zai dawo daga Rasha da matar da ya auro can. Polina. Ko shawara ba a yi da ni ba, hoto kawai na gani a waya. Raina a ɓace yake. Amma in babu ɗaki, ina zai ajiye ta? Dole ya dawo mini shi kaɗai.

Talata, 4 ga Afrilu
Na samo dabara! A unguwar nan babu mai ɗora tubali kan abincin da ke tsiro, zunubi ne. Na tambayi maƙwabciyata Holbibi abin da ya fi daɗewa a ƙasa. Ta ce, "Bitirut mana, jan nan mai kama da dankali. Sai sanyi ya kore shi." Sai ta ƙare mini kallo ta saman katanga: "Tursunoy, ke da ko albasa ba ki taɓa rayawa ba?" Na ce, "Opa, yayata, miƙo irin, ki riƙe wa'azin."

Kafin Ulmas ya taso aiki na shuke filin kaf. Ya tsaya baki buɗe. "Oyi, haba uwata, yaushe muka fara cin wannan abin?" Na ce bana.

Asabar, 15 ga Afrilu
Sun fito! Ƙafafunsu jajaye kamar an ƙunsa musu lalle. Ko ɗankwali ban ɗaura ba na ruga kiran Holbibi.

Alhamis, 4 ga Mayu
Ashe ƙwaya ɗaya tsiro uku take fitarwa, wata huɗu. Albarka kenan! Filin ya cushe, ba wurin sa ƙafa. Da asuba nake buɗe musu ruwa tun kafin in ɗora shayi. Na jefi zakaran Holbibi da takalmi, kuma ban yi nadama ba.

Juma'a, 19 ga Mayu
Doniyor ya kira ta bidiyo. Da gangan na juya wayar ya ga filinsa kore shar. Sai na ji wata ƙara, fuskar yarinyar da ya auro ta cika wayar. Da guntun yarenmu take ta faɗi: "Oyijon, sun matse! Cire, cire, bar faɗin hannu. Ganye kar zubar, miya!" Wai haka kakarta take yi a ƙauyensu.

Oyijon, wai "uwata ta kaina". Wa ya koya mata? Na ce tun ba a haife ta ba nake noma. Ina jin Holbibi tana tari a bayan katanga, munafuka.

Asabar, 20 ga Mayu
Na rage su. Dama na yi niyya.

Laraba, 21 ga Yuni
Na kasa haƙuri na tuge ɗaya. Ya kai ƙwan agwagwa! Na yanka, ciki zobe-zobe, ja wur, ga zaƙi. Holbibi ta ga hannuna ta ce, "Wa kika kashe?" Murna ta hana ni rama mata. Na tura wa Doniyor hoto. Doniyor na tura wa, amma muryar yarinyar ce ta dawo tana tafi. Sau biyu na saurara. Ko uku.

Litinin, 10 ga Yuli
Doniyor ya kira. "Oyi, yaya Ulmas ya ce in ba a buga tubali da zafin nan ba, ba zai bushe ba sai baɗi. Ba komai. Na yi magana da mai gidan hayarmu, za mu ci gaba da zama nan."

Na ce to shi ya zo mana. Ya ce, "Ni kaɗai? A'a, Oyi." Ko ɗaga murya bai yi ba, abin da ya fi ci mini rai kenan. Ta bayansa na ji yarinyar tana cewa kar a tuge su saboda ita, a bari su ƙosa.

Na je na zauna a bakin kunya. Sun yi kyau, wallahi. Na yi kuka.

Asabar, 15 ga Yuli
Na tuge su duka. Zafin garinmu Margilon yana sa su tauri, kowa ya san wannan, ba wani dalili ba ne. Bayana kamar zai ɓalle, amma zo ka ga tuli! Holbibi ta ɗauki mafi girma tana juyawa, tana jinjina kai.

Na ce wa Ulmas ya kira gayyar buga tubali ranar Lahadi mai zuwa, ni zan dafa shinkafar. Ya sa tagar ɗakin ta ɓangaren inuwar inabi, mutanen ƙasar sanyi ba sa jure rana.

Sauran na binne su cikin yashi a ɗakin ƙasa. Ban iya miyar ba. Sai ta zo.