Gadon Bango Ba A Kafa Shi Da Ƙusa

Yaya Sagiru, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, farin watan da nake leƙe ta saman katangarmu, ina gaishe ka gaisuwar wadda take sonka kamar ranta, kuma take jin haushinka kamar ta fashe.

Ka san me na gani da safen nan? Baiwa ƙawata ce ta turo min bidiyo, tana cikin waɗanda suka raka Gwaggo Hure garinku Toranke duba ɗakin da za a yi min jere. Ga gadonmu a tsaye jikin bango, ya sha fenti, har zuciyata ta yi fari. Gwaggo ta sa hannu ta jawo shi ƙasa, sai ya taho gaba ɗayansa, da ƙusoshin, da shafen simintin, da wani ɓangare na bangon. Ƙura na lafawa akuyar Innarku ta zuro kai ta ramin tana kallon dangina. Yanzu haka bidiyon yana yawo a guruf ɗin gidanmu na waya, har da masu sa masa kiɗa.

Haba hasken raina, da me na cuce ka? Ka manta yammacin da muka zauna a dakalin ƙofar gidanmu, ƙamshin sabuwar gyaɗa ya cika unguwa, kana ta damuwa wai ɗakinka ba zai ci gado da kujeru ba? Ni na nuna maka gadon da ake naɗewa jikin bango a wayata. Ka yi murmushin nan naka mai kama da tsagin alfijir, ka ce ai kai kafinta ne, wannan wasan yara ne. Saboda murmushin nan na durƙusa gaban Baba, na roƙe shi kar ya sai min gadon kanti kamar kowace amarya, ya ba ka katako da katifa kawai. Gwaggonnina suka ce waya ta lalata min kai, na shanye, na ce su jira su ga aikin Sagiruna.

To sun gani. Fatar taga ka sa, irin 'yar siririyar da murfin taga yake juyawa a kanta, wai ita za ta ɗauki ni da kai da katifa. Robar ɗaure kaya a bayan mashin ka sa ta riƙe nauyi. Sakata kuwa ƙusa ka lanƙwasa. Sannan bangon da ka san na ƙasa ne, siminti kawai aka shafa masa kamar hoda, shi ka bi da guduma? A kaina ka so ya faɗo, ni da kake cewa ko ƙuda ba ka so ya sauka a kaina?

Ka saurare ni, zumar zuciyata, don Baba ya yi magana. Gwaggo za ta koma bayan an gama roron wake. In gadon bai tsaya ba, an ɗaga biki sai ka gina babban ɗaki, kuma ni da kai mun san wannan sai wata kakar, in ma damina ta yi kyau.

Dan Allah ka shiga Gaya wajen masu walda. Ka sa su yi maka ƙafafun ƙarfe biyu masu kauri, ka haƙa ƙasa ka binne su da kankare, kar bangon nan ya ƙara ɗaukar ko allura. Ka sayi fata irin ta get, ka ɗaure da noti, ba ƙusa ba. Ka nemi shokozobar da take ɗaga but ɗin mota, guda biyu, ita ce take sa gado ya sauko a hankali kamar kurciya, a bidiyon gadon da na nuna maka ma ita na gani. Da sakatar ƙarfe ta gaske. In ka gama ka jibga masa buhunan gyaɗa, ka hau kai ka yi tsalle, ka turo min in gani da idona kafin kowa.

Wallahi ko tabarmar kaba ce zan kwana a kai in dai kusa da kai ne, amma Baba ba zai ba da ni a kan tabarma ba. In ma an ɗaga, ba inda za ni, zan jira ka kamar yadda ƙasa take jiran ruwan fari. Sai dai ka sani, duk daren Allah sai na kira ka na yi maka mitar ƙusar nan har ranar da za a kai ni.

Taka ce ni har numfashina na ƙarshe, ko da fushi ko ba fushi,
Bara'atu