Gamma Mai "M" Biyu

Zuwa ga Mama Magadaliya, Rikkos, Jos.

Gaisuwa mai yawa. Ya kasuwa? Ni lafiya lau nake a nan Japan.

Kin ce in yi miki bayanin karatuna da Hausa. Wasu masana sun ce ana iya haɗa ƙwayoyin zarra a cikin kwalbar ruwa mai sanyi, su ba da zafi. In da gaske ne, ya kamata ƙwayoyin niyutiron su fito, tare da wani haske da ido ba ya gani, sunansa gamma. Su nake gadi kullum. Ruwan yakan ɗan yi ɗumi, amma har yau babu niyutiron, babu gamma. Ina tsoron malamai su ƙara mini shekara, Kirsimeti ya sake wuce ni a nan.

'Yarki, Firisila.

*

Firisila 'yata,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Muna lafiya, kabeji ya cika kasuwar Farin Gada har ba wurin taka ƙafa.

Idona ba ya ganin ƙananan rubutu, Kulu maƙwabciyar rumfata ce ta karanta mini. Da ta kai wurin "babu gama" sai na ajiye wuƙar gyaran kabeji. Wa ya ce ba za ki gama ba? Na kai maganar gaban Zumuntar Mata ta cocinmu, mun roƙi Allah ya ba ki gama. Kulu ma ta sa ki a addu'a. In ruwan sanyi mutanen nan suke nema, su zo su taɓa randata a Disamba.

Ina kewarki ƙwarai.

Mamanki.

*

Mama,

Ina gaisuwa. Na yi dariya har da hawaye. Gamma ne mai "m" biyu, sunan hasken nan. Amma don Allah kada ku janye addu'ar. Zan rubuta abin da na gani kawai: ɗumi kaɗan, babu shaidar ƙwayoyin sun haɗu. Mako mai zuwa zan tsaya gaban malamai.

Firisila.

*

Mama,

Sun karɓa. Sun ce rashin hasken ma amsa ce. Na gama, ina tafe.

Firisila.

*

'Yata,

Mun gode wa Allah. Ban yarda ba sai da Kulu ta ɗora yatsana a kan kalmar, na ga "m" ɗaya ne. Sai kin zo.

Mamanki.