Kaset Ɗinka na Sifaniya

Isufu, ɗan Gwaggo, taubashina,

Sallama gare ka, irin wadda ake yi wa wanda ba zai amsa ba. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma, da sai ka juya takardar sama da ƙasa ka ce ajamina tururuwa ce ta faɗa tawada ta fito tana neman hanya. To ga tururuwar ta zo, kuma da fushi ta zo.

Jibi ne sadakar arba'in ɗinka. Gwaggo ta jiƙa shinkafar masa, amma ba ta san ko akwai masu ci ba. Ranar bakwai, kwanon da muka aika gidan Hajiya Mairo ta layin atamfa ya dawo ko murfinsa ba a ɗaga ba. Babbar rigar sanyin nan da ka dawo da ita, Gwaggo ta ba Malam Tanko sadaka. Ka san yadda ya mayar da ita? A kan sanda. Ya rataye ta a bakin sanda ya miƙo ta ta zaure, wai bai san abin da ya taɓa ta a ƙasar can ba. Mahaifiyarka ta karɓa, ta ninke, ta yi masa godiya. Har godiya, Isufu.

Yanzu maganar da ke yawo a Zongo ita ce zazzaɓin kwana huɗun da ya ɗauke ka ba zazzaɓi ba ne, abin da ka ci ne a gidan yovo, wato farar fata, ya fito maka. Wa ya fara ta? Ni ce. Ka sani, na sani, amma ban taɓa faɗa da bakina ba sai yau.

Lokacin da jami'a ta tura ka Sifaniya wata biyar don ka gyara yaren da kake karantawa, aka sauke ka a gidan Mama Pilar da mijinta. Ka aiko wa Gwaggo hoton ranar da ka isa: kai a tsakiya kana washe baki, su biyu a gefe, a bayan kanka kuma busasshiyar cinyar alade a rataye a bangon kicin, har da kofato. Na sace hoton. Na zaga da shi layin atamfa na kasuwar Asigame, ina cewa ga karin kumallon ɗan jami'a, kullum yanka ɗaya da safe. Na laƙa maka Alhajin Cinya. Mata suka yi dariya har suna riƙe ciki. Hajiya Mairo ta sa na maimaita sau uku, ta kira 'yan rumfar gefe su zo su gani. Malam Tanko da kansa ya ɗaga hoton ga haske, ya ce in gaishe ka in ce ka rage masa.

Wane ne a Zongon nan bai san wasan taubasai ba? Ɗan mace da 'yar namiji, tun kakanninmu ba su baro ƙasarsu ta asali ba ake yin sa. Kai ba ka taɓa shela a gidan biki cewa an kama ni ina satar kifi a bakin ruwa ba? Wa ya rufe mini ƙofarsa? Maganar taubashi ba a kafa shaida da ita, kowa ya san haka. Suna sane suka yi dariya. Sai da ka kwanta, ba ka da bakin ramawa, sannan wasa ya zama labari, labari ya zama hukunci. Garin da ba mai iya tari idan an ambaci masu mulki, sai a kan mamaci bakin kowa ya buɗe. Malam Tanko da yake ɗaura atamfar jam'iyya ya tsaya a rana yana tafi duk ran da aka ce a fito, shi ne yau yake tsoron riga.

Kai ma ina fushi da kai. Ka dawo a rame, wuyanka kamar na zakara, na ce ashe cinyar ba ta karɓe ka ba, ka yi dariya ka miƙo mini mafici mai naɗewa, ka ce in jira, ramuwarka tana nan tafe. Yara suna bin ka da Alhajin Cinya kana ɗaga musu hannu. Me ya hana ka tsayawa ƙofar masallaci sau ɗaya ka ce ƙarya Zuwaira take yi? Duk bokon nan da yare huɗu a bakinka, ba ka iya kare kanka da ko ɗaya ba? Sannan ka tafi ba ka rama ba. Wane irin taubashi ne yake barin fili haka?

Ga abin da ba wanda ya sani. Kaset ɗin da ka aiko mini, don ka san ba na karanta faransancin da kake rubutu da shi, yana nan ƙarƙashin turamen atamfa a akwatina. Na ce maka bai iso ba. Ya iso. Na saurare shi har zaren ya fara ja.

A ciki ka ba ni labarin yadda, washegarin hoton nan, ka zauna da Mama Pilar da ƙamus kuna nuna wa juna kalmomi, har ta gane. Ta sa mijinta ya sauke cinyar ya kai gidan ƙanwarta, ka ce tsohon yakan sa hula da yamma ya lallaɓa can kamar mai zuwa zance. Ta sayo sabuwar tukunya ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta hana kowa taɓawa. Wata biyar kifi da ƙwai da wake, sai ran da ta sayo maka kaza mai rai ka yanka da kanka a bayan gida, ita ta rufe ido da gyale tana kiran sunayen waliyyansu. Ta tambaye ka inda kake fuskanta in za ka yi salla, ta ja kabad daga wurin. Ana ma jin muryarta a kaset ɗin, tana buga cokali a tukunya tana kiran ka abinci, kai kana ce mata ta dakata kana magana da aljanar gidanku.

Matar da ba ta san alif ba ta kiyaye maka addininka wata biyar. Mu da muka haddace izu-izu mun kasa kiyaye maka sunanka kwana arba'in.

Za ka ce me ya sa ban fito da shi ba. Da farko don kada ya ɓata mini wasa, ina jin daɗin yadda ake taruwa a rumfarmu. Bayan rasuwarka kuma, kunya. Ka san abin da ka faɗa a ƙarshensa. Ka rage murya, ka ce in akwai mutum kusa in kashe rediyon. Ka ce idan ka gama karatu za ka tura Gwaggo wurin Baba, in fara shiri, don ba wanda zai iya zama da bakina sai wanda ya saba da shi tun yana rarrafe. Me ya sa ka haɗa wannan da labarin tukunya a kaset ɗaya? Babu wani kaset a duk ƙasar Sifaniya? Saboda maganar nan ta minti ɗaya na tsaya ina kallo aka miƙo wa Gwaggo rigarka a kan sanda. Wannan ba zan ɗora wa Malam Tanko ba, nawa ne.

Jiya na sayi batir sababbi. Jibi, in an shafa fatiha, kafin kowa ya nemi takalminsa, zan ajiye rediyon Baba a bakin zaure, inda maza na waje da mata na ciki duk za su ji. Na yi tunanin in kashe kafin ƙarshen, amma na san mutanenmu. In na danna, Hajiya Mairo za ta ce daidai nan ne ka amsa laifinka. Don haka zai tafi har inda ya tsaya da kansa. Baba zai ji, Gwaggo za ta ji. Gobensa duk Asigame za a laƙa mini suna, yara su bi ni da shi har rumfa, kuma na san ba zai fita ba. Ga ramuwarka nan, ka samu. Sannan in ɗauki masa da hannuna in ajiye gaban Malam Tanko, in tsaya har ya kai baki.

Ka jira amsa tun daga can, ni kuma na tarbe ka da Alhajin Cinya. To amsar i ce. Tun ranar da na fara ji i ce.

Allah ya haskaka makwancinka, ya saka wa Mama Pilar da alheri a kan tukunyarta. Sauka lafiya, Isufu.

Taubashiyarka da ba ta iya yin shiru ba sai inda bai kamata ba,
Zuwaira, 'yar Kawunka