Yatsan da Na Ɗaga wa Babanki

Gundumar St. Philip, Barbados
Asabar, 16 ga Yuni, 1894

Keturah tawa, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farko da yake sauka bayan an gama yankan rake,

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya yi wata bakwai yana hangen ki daga bencin baya a coci, ba shi da izinin ya ce miki ko sannu. Wata bakwai, Keturah! Na haddace hular da kike sawa ranar Lahadi fiye da waƙoƙin da ake rerawa, har na iya gane makon da kika yi kuka daga yadda kike sunkuyar da kai. Wannan takardar Gwaggonki Tryphena ce za ta kawo miki a cikin takalminta da na gyara. Ki karanta ta yau, don girman Allah, domin gobe bayan an tashi daga coci zan ba Babanki amsar da yake jira, kuma ba na so ki ji ta a bakin kowa kafin ki ji ta a nawa.

Kin tuna ranar da kika fara yi mini magana? Ni dai ko barci nake aka tashe ni zan faɗi launin rigarki. An tafi hutun rabin wasan kurket, wasanmu na sanda da ƙwallo, mata sun shimfiɗa burodin kwakwa a gindin tsamiya, kowa ya ruga wajen masu bugu da masu jifa ana yi musu fifita. Wa yake tunawa da alƙalin wasa? Ina tsaye a tsakiyar rana da farar riga, hulunan 'yan wasa huɗu da suka ba ni ajiya a jere a kaina, sai ga ki da tulun mobi mai sanyi, abin shan nan na ɓawon itace, kina cewa, "Kai kuma mai farar riga, dasa ka aka yi a nan, ko kai ba ka jin ƙishi?" Na sha kofi uku a tsaye. Yau zan gaya miki gaskiya, tun ina yaro ba na son mobi, ɗacinsa yana tsaya mini a maƙogwaro. Amma da kin ci gaba da zubawa, da na shanye tulun nan. Mako ya zagayo kika kawo mini tsakuwa biyar masu santsi daga bakin teku, kika ce in daina ƙirga jifa da wake kamar mai shirin ɗora tukunya. Har yanzu da su nake ƙirgawa.

Kin san ba son girma ne ya sa ni cikin farar rigar nan ba. Ƙafata ta hagu ba ta yarda in yi gudu, ga shi tun ina ɗan shekara takwas ban taɓa ƙaunar wani abu kamar kurket ba, sai da na gan ki. Da na ga ba zan buga ba, sai na ɗauki littafin dokoki na haddace shi a kan bencin ɗinkin takalmi. Ranar da tsohon alƙalinmu, marigayi Baba Nehemiah, ya miƙa mini rigarsa, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana Lemuel, alƙalin kulob shi ne ɗan wasa na goma sha biyu. Su sun zo da nasu, mu muna da namu, gaskiya kuma a bar wa Allah ranar shari'a." Shekara goma sha tara ya yi bai taɓa fitar da ɗan gida ba. Da an yi masa ihu sai ya ce ƙuda ne ya faɗa masa a ido. Na yi dariya a lokacin, na ɗauka wasa yake yi.

Sai ga ranar nan ta Nuwamba, wasan ƙarshe na bara, da mutanen ƙetaren kwari. Babanki, kyaftin ɗinmu, shekara ashirin da biyu yana bugu bai taɓa cika maki hamsin a wasa ɗaya ba, ran nan ga shi a arba'in da tara. Maki ɗaya! Matan coci har sun fara miƙewa. Ƙwallo ya zo, Babanki ya tsallaka da ƙafarsa ya tare shi daidai gaban na tsakiya cikin turaku ukun da mai bugu yake tsarewa. Dokar kuwa ba ta da lauje: wanda ya tare da ƙafa ƙwallon da zai doki turaku, ya fita. Baƙi suka yi ihu, amma ihun raini, don sun san alƙalin gida ne a tsaye. Na duba, na sake dubawa a cikin raina, na ɗaga yatsa, alamar ya fita. Ban taɓa jin fili ya yi tsit irin na ran nan ba, har kukan tumakin da ke bayan katanga nake ji. Babanki ya zo wucewa ta gabana da sandarsa a hammata ya ce, "Kai da ka ci tuwon masara da kuɓewa a teburina ranar Alhamis? Madalla. Kada ƙafarka mai kyau ko ɗayar ta sake taka ƙofata."

Na ga fuskarki a lokacin. Ba ki kalle ni da fushi ba, kin kalli Babanki da tausayi, wannan kallon kuwa shi ya fi yi mini ciwo. Kina tsammani ban so ya cika hamsin ɗin nan ba? Wa ya ɗaure masa bakin sandar da zare mai kaki? Wa ya cusa masa auduga a makarin ƙafa? Ni ne, da hannun nan da na ɗaga.

Yanzu ga kakar wasa ta sake zagayowa. An gama yankan rake, injin iskar da ke matse shi ya tsaya, amalanke sun huta, ƙauye gaba ɗaya ya koma fili. Kin dai ji hayaniyar daga tagarku. An kori tumakin Mista Cumberbatch daga makiyaya, kuma kamar kowace shekara ya rantse sai ya kai ƙara, sannan ya zo da kansa yana taya mu kwashe kashinsu. An watsa jar ƙasa a tsakiyar fili, ana jiƙa ta da ruwan tafki ganga bayan ganga, maza takwas suna jan dutsen murji suna waƙar batsa har sai sun hango fasto. Mata sun baza fararen wanduna a kan shinge, sitaci ya sa suna tsayawa da kansu. Ni kuma na sake ɗinke ƙwallo shida, na shafe sanduna da mai, na fere sababbin turaku. Aikin hannuna duk sun karɓa, ba wanda ya ce ƙazanta ne. Amma da na zo na kama igiyar dutsen in taya su ja, sai Dudley mai jifa ya ce, "A'a, Alƙali, bar shi. Kada ka ɗaga wa dutsen yatsa, shi ma ya fita." Kowa ya kwashe da dariya, ni ma na yi, na koma shago ban iya cin abinci ba.

Ranar Talata da hantsi ina kan aiki sai inuwa ta rufe mini ƙofa. Babanki ne, da sandarsa a hannu, wai bakinta ya tsage. Ba abin da ya same ta, ni na gyara ta a bara. Ya zauna a kan akwati, ya daɗe yana murza gwiwarsa, sannan ya ce, "Lemuel, gwiwoyin nan sun gama. Bana ce kakata ta ƙarshe. Ina son hamsin ɗin nan kafin in ajiye sanda." Na ce, "Baba, ni ma ina so maka ita." Ya ce, "To ka ji. Ka koma cikin rigarka ranar buɗe kaka. Idan na kusa, ƙwallo ya taɓa ƙafata, ka kalli sama sau ɗaya. Sau ɗaya tak, ba kullum ba. Ka yi mini wannan, Keturah taka ce, a ɗaura a Disamba, ni zan yanka rago." Na ce, "Baba, ai da sauƙi, a sa wani a rigar, ni in zauna a gindin tsamiya in yi ta tafi." Sai ya girgiza kai ya ce, "Kai yaro, ba ka gane ba. Idan wani ne a tsaye, kowa zai ce kyauta aka ba ni. Kai kuwa tsibirin nan kaf ya ji labarin yatsanka. Hamsin da aka yi a gabanka ba mai musunta." Ya tashi, ya ce in ba shi amsa ranar Lahadi, ya tafi ya manta sandar.

Kin ji, masoyiyata? Abin da ya kore ni dominsa, shi yake so in ara masa.

Kada ki ɗauka ban ji kwaɗayi ba. Allah ya sani, kwana huɗu nan na soke yatsana da basilla ya fi sau goma. Disamba! Na gan ki a ɗakin nan nawa mai taga biyu, kina buɗe su da safe iskar teku tana shigowa. Na ji muryarki kina yi mini faɗa na bar fata a kan teburin cin abinci. Na ga kifi yana soyuwa, na ga hularki a rataye kusa da tawa. Duk wannan a kan me? A kan ɗaga kai sau ɗaya in kalli gajimare! Wane mahaukaci ne zai ƙi? Ina son ki, Keturah, son da ya hana ni jin daɗin abinci, son da yake sa ni in bi doguwar hanya da gurguwar ƙafa don kawai in ga wankinku a shanye. Ban san yadda zan kai wata Disambar ba tare da ke ba.

Amma gobe zan ce masa a'a.

Ba taurin kai ba ne, kuma ba don littafin dokoki ya fi ki ba, littafin nan ko a yau kika ce in jefa shi a murhu zan jefa. Ki duba abin da kyau. Ni ba ni da gona, ba ni da jaki, ba ni da ƙafa biyu masu kyau. Abu ɗaya nake da shi da zan kawo gidan aure, shi ne idan Lemuel Trotman ya ce ya gani, to ya gani. Idan na kalli sama ran nan, mutum ɗari ba za su sani ba, amma mu uku za mu sani. Babanki zai rataye sandarsa a bango, duk ranar da baƙo ya tambaye shi labarinta zai bayar yana kauce wa idona. Ke kuma za ki tsaya kusa da ni a gaban fasto, ki ji na ce zan riƙe ki har mutuwa, alhali kin san maganata tana lanƙwasuwa idan abin da aka miƙo mini ya yi daɗi. Da wane kunne za ki saurari alkawarin nan? Ba zan shigo da ke gidana ta wannan ƙofar ba.

Ba kuma hannu biyu zan je masa ba. Shekara uku ina tsaye taku ashirin da biyu daga gabansa, na san abin da yake kayar da shi fiye da shi kansa. Da maki ya haura arba'in, sai zumuɗi ya kama shi, ƙafar hagu ta riga ƙwallo tafiya. Saura mako uku a buɗe kaka. Zan ce masa kowace yamma in rufe shago, Dudley ya yi jifa, ni in tsaya a wurina, duk lokacin da ƙafar nan ta tsallaka in yi masa tsawa, ya zage ni son ransa, gobe mu sake. Hamsin ɗin nan tana cikin hannunsa, na gan ta da idona. Idan ya yi ta, ni zan fara cire hula a fili, ko da doka ba ta yarda alƙali ya yi murna ba. Idan kuma ƙafar ta sake tsallakawa a arba'in da tara, Keturah, zan sake ɗaga yatsan nan, in koma gida in yi kuka.

Wataƙila ki karanta wannan ki ce na zaɓi farar riga na bar ki. Idan haka kika gani, ki faɗa mini ido da ido, zan tsaya in ji har ƙarshe, ba zan yi gardama ba. Ba na roƙon ki ki yi faɗa da mahaifinki, ba na roƙon ki ki bar gidanku. Roƙona ɗaya ne. Gobe a ƙofar coci, idan kika ga na tunkare shi, kada ki zo kusa da ni. Ki tsaya kusa da shi. Dattijo ne da ya sauke girmansa ya roƙi yaro alfarma, zai kuma ji a'a, abin zai yi masa zafi fiye da yadda zai nuna. Ki kama hannunsa ki raka shi gida a hankali, saboda gwiwar.

Ni kuwa ranar Litinin da safe zan sa rigata mai kyau in zo ƙofarku neman aurenki. Ya kore ni, Litinin ta gaba in dawo. Ya sake korata, in sake dawowa, bana da baɗi da shekarar da ke bayanta, har ya gaji ko ni in mutu. Ba zan nemi wata ba, ba zan kalli wata ba. Wannan ma na faɗa, kuma kin san yadda maganata take.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a rufe ni da ƙasar tsibirin nan,

Lemuel Trotman